Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Da labarin rasuwar Inna ya zaga lungunmu na Dala, mazan unguwa suka fito da tabarmi suka shimfiɗa a ƙofar gida kamar yadda aka saba, sannan suka tsaya suna kallon juna. Ba su san wace gaisuwa za su yi ba. Inna uwar mijina ce, Kirista ce, kuma duk tsawon lungun nan mu kaɗai ne masu zuwa coci. Malamin da ke jan salla a masallacin lungu ne ya fitar da kowa kunya. Ya tsaya a bakin zaure ya ce da ni, "Malama, Allah ya ba ku haƙuri. Mun yi rashin maƙwabciya. Duk shekarun nan ba mu taɓa jin kanta da kowa ba." Wannan kam kara ya yi mata, don ni an ji kaina da ita, har a masallacin ma na tabbata an jiyo.

Washegari da hantsi matan zumunta na cocinmu suka iso daga Sabon Gari, adaidaita sahu bayan adaidaita sahu, dukansu da zane iri ɗaya. Sun bar ganguna a gida saboda mutuncin unguwa, suka zauna a tsakar gida suna rera waƙa ƙasa-ƙasa. Matan maƙwabta suka fara leƙe ta kan katanga, daga baya suka shigo da buta da kwanukan abinci suka zauna a gefe. Marina ma sun zo, masu rinin da Inna ta yi wa aiki. Wani dattijo cikinsu, hannayensa shuɗi har gwiwa, ya zauna yana ta share ido da bayan hannu.

Wadda ta fi kowa tayar da hankali ita ce Hajiya, matar mai gidan da muke zaune a sashensa, aminiyar Inna tun suna goyo. Su a wajensu mutum in ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Da ta ji za a ajiye Inna a asibiti har autarta ta iso daga Legas, sai ta miƙe tsaye.

"A firij? Matar da ko ruwan randa ba ta sha da safe saboda sanyi?"

Dattijon ikilisiya ya yi ta mata bayani a hankali. Ta saurare shi har ya gama, ta shiga ɗaki ta fito da bargonta mai nauyi ta miƙa masa.

"Baba, duk na ji. Ni dai a lulluɓa mata."

Ya karɓa da hannu biyu.

Ganin waɗanda suka san Inna suna ta raguwa, kuma 'ya'yana za su haifi waɗanda ba su taɓa ganinta ba, shi ya sa na zauna nake wannan rubutu. Ba tarihinta zan jera ba, don ita kanta ba ta san shekarar da aka haife ta ba. Abin da na gani zan faɗa.

Daga wani ƙauye a kudancin Kano suka zo birni ita da mijinta, lokacin yana kula wa Alhaji, mijin Hajiya, da injin niƙa. Alhaji ya ba su ɗaki biyu a gefen gidansa. Mijin ya rasu, injin ya mutu, Alhaji ma ya bi su, Inna tana nan. 'Yan'uwa sun sha cewa ta komo Sabon Gari cikin mutanenta. Takan ce, "Inda Allah ya ajiye tukunya, nan take dahuwa." In azumi ya kama ba ta soya albasa da rana, kada ƙamshi ya wahalar da masu azumi. Ran Lahadi kuwa ko ruwa ake da ƙanƙara sai ta ɗaura ɗankwalinta ta fita titi neman adaidaita.

Sana'arta ɗauri ne. Marina su kawo farin ƙyalle, ita ta riƙa tsunkulo shi kaɗan-kaɗan tana naɗe shi da zare tamau, har ƙyallen ya dunƙule ya zama kamar tsumma. Sai a kai marina a tsoma a ramin baba. Duk inda zare ya kama rini ba ya shiga, in an kwance sai fararen zobba su fito reras a cikin shuɗi. Ita da Hajiya suke yi, a inuwar ɗakin girki, suna aiki suna gardama. Na sha jin su.

"Mu ma ai mun san za a tashi," in ji Hajiya. "Inda muka rabu da ku, kun ce Annabi Isa ya mutu, mu kuwa mun ce ɗauke shi aka yi."

"Ya mutu, Hajiya. Ya shiga kabari ya fito, ya bar ƙofar a buɗe."

"Ranar za ki gani."

"Ke ma za ki gani. Miƙo mini zaren nan."

Sai su fashe da dariya. Ba wadda ta taɓa ja da baya ko taku ɗaya, ba kuma wadda ta taɓa cin goro ba ta ɓalla wa ɗayar ba.

Mijina shi ne ɗan farinta, kuma Inna mutuniyar da ce, mai kara irin ta asali. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Inna ta riƙe wannan kamar farilla. "Wancan yaron" take ce masa, alhali ga furfura ta fara masa. In ya zo gaishe ta sai ta juyar da kai ta amsa wa bango. Abin dariya, sunansa na ɗaya daga cikin manzanni ne, yakan fito a karatu da waƙa a coci. Duk sanda jama'a suka iso wurin, sai tari ya kama Inna. Wani matashin fasto ya taɓa ce mata, "Inna, ai a cikin Almasihu an 'yantar da mu daga irin waɗannan." Ta dube shi ta ce, "Fasto, daga zunubi aka 'yantar da ni. Ba a ce in zama marar kunya ba."

Ni kuwa 'yar Sabon Gari ce, bakina ba linzami, gatsal nake kiran sunan mijina. Duk sanda na kira a gabanta sai ta runtse ido kamar na taka mata ƙafa.

Ciwo ne na ɗan lokaci ya ɗauke shi, ya bar ni da yara biyu ƙanana. Ranar na yi birgima a ƙasa, na yi ta kiran sunansa har muryata ta dushe. Inna tana zaune a kan tabarma, ƙafa a miƙe, ido a bushe. Masu gaisuwa suna kuka, ita ce mai ba su haƙuri. Har ruwa ta tashi ta ɗebo wa wata da ta shaƙe. Aka yi ta yabon bangaskiyarta. Ni kuwa na dube ta na ji na tsane ta, na kuma ji ina fushi da Allah da ya ba ta irin wannan zuciya. Bayan an share makoki ta zo ɗakinmu na haya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ke 'yar nan, tattaro kayanki da yaran. Akwai ɗaki." Haka na zama 'yar Dala.

Rigimarmu a Istar farko bayan rasuwarsa aka yi ta. Da sassafe na ji tana ta kai da kawowa, ta yi wanka, ta ɗauro zanenta na ƙasan akwati, ta ɗaga labulena fuska a sake.

"Almasihu ya tashi! Tashi ki shirya yaran, yau ranar murna ce."

"Murnar me, Inna?" na ce. "Wanda ya tashi ya tashi. Nawa yana can kwance, ƙasa ta danne shi."

Da na tsaya nan da an zauna lafiya, amma abin da ya daɗe yana cina ya riga ya taso.

"Ke ai da sauƙi a wajenki. Ko ɗigon hawaye ba ki yi masa ba. Yana raye ba ki kira sunansa ba, ya mutu ba ki kira ba. Wannan ba salama ba ce, Inna, dutse ne a ƙirjinki."

Muryata ta kai har zaure. Ta dube ni ta daɗe, ba fushi a fuskarta, abin da ya ƙara tunzura ni ke nan. Sannan ta ce, "Ke kin san shi da suna. Ni na san shi tun ba a raɗa masa ba." Ta saki labule, ta kama hannun yaran suka tafi. Da suka dawo ta ajiye mini kwanon shinkafa da nama a bakin ƙofa, an rufe da faifai. Har yau ban ce tambayata ba ta kan hanya ba. Mace ta binne miji tana da ikon tambaya.

Hajiya ce ta same ni washegari ina wanki. Ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Ke yarinya, jiya duk lungu an ji ki. Kuka kike nema? To je ki dubi yatsunta."

"Yatsunta kuma, Hajiya?"

"Ranar da aka binne shi, kuna can kuna karɓar gaisuwa, ɗakina ta shigo ta ce in ba ta ƙyalle. Ta zauna tana ɗauri tana jan zare har ya yanke ta, jini yana bin zaren, ba ta sani ba. Sai da na fizge. Mu haka aka koya mana yin kukan ɗan fari, ba a gaban mutane ba."

Da yamma na kai mata ruwa na saci kallon hannunta. Ga tabon nan, layi-layi a jikin yatsu, ya warke ya bar fari.

Daga nan na daina cewa ba ta son shi. Amma wata tambayar ta maye gurbin ta farko, ta fi ta nauyi ma. In tana jin ciwon kamar yadda nake ji, to wannan kwanciyar hankalin daga ina? Gaskiya ce ko dai kara ce kawai ta lulluɓe da sunan bangaskiya? Abin da nake so in sani bai wuce ɗaya ba: zan sake ganin mijina, ko ramin nan shi ne ƙarshen magana?

Inna ta ba ni aikin kwance ɗauri in an dawo da kaya daga marina. Zama ake da reza ana tsinke zare ɗaya bayan ɗaya. Ran nan muka gama wani babba, muka kama gefe da gefe muka baza a tsakar gida. Abin ya yi kyau har na manta kaina na ce kai! Sai na ga ta buɗe baki za ta yi magana, na riga ta.

"Kada ki ce mini haka Allah yake yi da mu, ya ɗaure ya tsoma don ado ya fito. Na ji wannan wa'azin. Ni ba ƙyalle ba ce, Inna, ina jin zafi."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Cewa zan yi ki ja ɓangarenki, yana jan ƙasa."

Muka ninke. Can da ta zauna sai ta ce, "Ni ma ban san abin da yake nufi ba, 'yar nan. Duk wanda ya ce miki ya san dalilin da ya sa aka ɗauke wancan yaron, ƙarya yake. Na tambaya, ba a ba ni amsa ba. Na dai san wanda na tambaya."

"Da gaske kin yarda za ki gan shi?"

"Wanda ya ɓata ake ƙwala wa kira a bi lungu-lungu. Nawa bai ɓata ba. Na san hannun da yake."

Ta faɗe shi ne kamar mai faɗin inda ta ajiye mabuɗi. Na so in yarda, Allah ya sani na so. Na koma zuwa coci saboda yara, bakina yana waƙa zuciyata tana gunaguni. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Babban ya shiga jami'a, ƙaramar ta kai munzalin 'yanmata, ni kuwa in na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji. Inna ta sani. Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba. Kullum da safe dai in ta gama addu'a nakan ji ta ce, "Ga 'yar nan kuma, Ubangiji, ka san inda yake mata ciwo."

Tsufa ya fara mata ta ƙafa. Ta daina zuwa coci, sai fasto ya riƙa kawo mata jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon tarayya, har ɗaki. Daga baya ido ya yi rauni, ta ajiye zare. A makonninta na ƙarshe ta daina cin abinci sai ɗan kunu, magana ma ta ɗauke. Muka kai ta asibiti, likita ya ce mu koma da ita gida. Hajiya ta tare a ɗakin, ba ta fita sai salla.

Ranar da abin ya faru, an idar da la'asar ke nan, muna jin takalman masallata suna watsewa a lungu. Hajiya ta dawo ta zauna wajen kanta tana mata fifita da mafici, ni ina wajen ƙafa ina shafa mata man zafi. Rana ta karkata ta shigo ta gefen labule. Sai Inna ta buɗe ido. Ba mu ta duba ba, bakin ƙofa ta duba, idon nan da ya daɗe bai gane fuska ba ya tsaya cak a wuri ɗaya. Fuskarta ta washe gaba ɗaya.

Ta kira sunansa.

Ta kira shi cikakke, da murya garau, irin kiran da uwa ke yi wa yaro in ta hango shi ya shawo kwanar gida. Maficin ya faɗi daga hannun Hajiya. Tsigar jikina ta tashi tun daga wuya har tafin ƙafa.

"Kai ne ka yi kyau haka?" in ji Inna. Ta yi 'yar dariya. Ta ɗan yunƙura kamar mai neman takalmi. "To tsaya mana. Ka san ƙafar nan."

Na juya na dubi ƙofa. Ba zan ƙara gishiri ba: labule na gani, da hasken rana a ƙasa, da butar Hajiya. Ban ga kowa ba. Da na juyo, Inna ta riga ta tafi, murmushin bai gama sauka daga fuskarta ba.

Hajiya ce ta fara magana.

"Tun yana cikin zanen goyo nake tare da matar nan. Ko a mafarki, ko a zazzaɓi, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba." Ta share fuska da gefen mayafi. "Allah shi ne masani. Amma ni na san ta. Ba ta kira shi a banza ba."

Na san abin da masu ilimi za su ce game da mai gargarar mutuwa da abin da yake gani, ba kuma zan yi gardama da su ba. Ni dai na zauna da matar nan, na ga ta riƙe sunan nan a bayan haƙoranta a ranar da aka ɗaura masa aure, da ranar da aka sa shi a rami, da ranar da na zage ta a kansa. Abin da bai ɓamɓare shi a waɗannan ranaku ba, ba ruɗewa ce za ta ɓamɓare shi ba. Na miƙa hannu na rufe mata ido. Na ja numfashi ya tafi har ƙasa, babu abin da ya tare shi. Tsoro ya kama ni, amma ba irin wanda na saba ba, irin wanda ke sa mutum ya cire takalmi. Na durƙusa a gefen gadon na ce, "Na gode, Ubangiji," kuma a karo na farko tun rasuwar mijina zuciyata da bakina suka faɗi abu ɗaya.

Mun kai ta maƙabartarmu ta bayan gari, ba nisa da inda yake. Har yanzu ban san dalilin da ya sa aka ɗauke shi da wuri ba, kuma na daina tsammanin za a faɗa mini a nan.

Inna, Ubangijin da kika dogara gare shi ya riƙe ki har ranar da za a buɗe kaburbura. Ki gaishe shi. Ki ce masa yaran sun girma, babban ya ɗauko tafiyarsa sak. Ki ce ina nan tafe, amma ba gaggawa, akwai sauran aiki a gabana.